Ajalar Gado

Gadarif, 14 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Yayata Shatu, a Hawata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya gwiwar? Ina fatan maganin da na aiko shafawa kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan kanta don baƙi su gani ba. Mu nan lafiya lau, in ban da mijina da ke haukacewa duk ranar Juma'a.

Kin san tun da Gado ya bar aikin ofishin gona ya kafa kujera a gindin darbejiyar tsakar gida. Shekara guda yana zaune da rediyo a cinya, ko kunna ta ba ya yi. Da likita ya auna sukarinsa ya ce lallai ya riƙa motsa jiki, ni na ɗauka ana nufin ya riƙa takawa zuwa masallaci. Shi kuwa ya ɗauka an ce ya sayi keke. Ajala dai, yadda kowa ke kiranta a garin nan in ban da tsofaffinmu. Baƙa ce, mai ƙararrawa, kuma tana samun goge-gogen da ni ban samu ba a shekara ashirin da huɗu na aure.

Yanzu su shida ne, duka masu furfura, har da tsohon shugaban makarantarmu da wani mai gyaran agogo. Duk Juma'a daga sallar asuba sai su cusa jallabiya cikin wando su hau titin Madani, su yi tafiyar sa'a guda, su sha shayi a rumfar Mero inda manyan motoci ke tsayawa, su juyo. Ba kaya, ba saƙo, ba wanda suka je gani. Wannan shi ne abin da direbobi suka kasa haɗiyewa. A wurinsu mai ajala talaka ne da ke sauri zuwa wani wuri, ana iya tausaya masa. Amma dattijo da fanshonsa ya tare hanya a tsakiyar kakar riɗi, ka tambaye shi ina zuwa ya ce babu, wannan raini ne.

Shugaban masu jin haushin kuwa ƙanenmu ne Lado. Juma'ar da ta wuce ya taho da buhunan riɗi, ya lallaɓo bayansu, ya sakar musu ƙahon lorinsa mai muryoyi bakwai, wanda ke kiɗa kamar an kawo amarya. Mai gyaran agogo ya faɗa cikin ƙaya. Gado ya tsaya a ƙafafunsa, amma rawaninsa ya yi gaba shi kaɗai. Da na tare Lado ya ce wai wasan ƙanin mata ne, tun kaka da kakanni ƙanin mata na tsokanar mijin yarsa. Na ce masa kakanninmu da baki suke yi, ba da tan goma na riɗi ba.

Kada ki ɗauka Gado waliyyi ne. Ya samo littafin dokokin hanya, ya haddace shi kamar mai shirin jarrabawa, yanzu bibbiyu suke jerawa a kan kwalta don doka ba ta hana ba. Na ce masa doka ba ta da birki. Ya rubuta wa hukuma takardar koke shafi biyar, ya ba ni in gyara nahawu. Shekara huɗu na yi a jami'a a Hartum, ga inda ilimina ya ƙare. Shi da Lado sun daina sa hannu a kwano ɗaya. Jiya akushi biyu na fitar, kamar mai baƙi daga ƙasashe masu gaba da juna.

Ki ja kunnen Lado in ya biyo ta wajenku, ya fi jin tsoronki. A gaida Alhaji da yara.

Ƙanwarki,
Atika

Gadarif, 6 ga Nuwamba, 1988

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa da mutanen gida. Kafin komai: Gado yana da rai. Yanzu haka ina jin tarinsa. In labari ya iso Hawata, kuma na san ya iso, ki share hawaye ki sallami masu zaman makoki. Na ba wa wasu masu komawa Mafaza, garin su Gado, takardar nan su miƙo miki da gaggawa.

Ga yadda aka yi. Shekaranjiya Juma'a su Gado sun isa rumfar Mero suka tarar lorin Lado ya tsaya daidai inda suke jingine ajalolinsu. Gado ya ce sun riga shi wurin da wata uku, saboda haka ya kafa tasa a bayan lorin, dab da taya, don a san yana da haƙƙi. Ya zauna shan shayinsa ba sukari. Lado ya gama nasa, ya hau, ya yi baya. Ya rantse bai gani ba, kuma na yarda, don Lado bai taɓa duba baya ba a rayuwarsa. Ajalar ta koma kamar faifai. Ba wanda ya ƙwarzane. An yi zage-zage, direbobi gefe guda, tsofaffi gefe guda, Mero na tsakiya tana kare kofunanta.

Sai Mero ta ba wata mata mai tafiya Mafaza labari, matar ta kai wa surukata Hajja Jummare. Abin da ya bar nan shi ne: Lado ya taka ajalar Gado. Kin san Hajja, kunne ya yi nauyi, kuma shekara saba'in a ƙasar nan ba su sa ta daina cewa keke ba. Ita ajali kawai ta sani. Abin da ya shiga kunnenta shi ne Lado ya zama ajalin Gado.

Jiya da azahar ina cikin duba littattafan ɗalibai na ji kuka a ƙofar gida. Lori guda na mutanen Mafaza, da buhun sukari, da tabarmi, da tukwane. Mata suka rufe ni. Wata ta zare mini 'yan kunne, wata ta yafa mini farin mayafin takaba, ana ta ba ni haƙuri, ni ina ta tambayar wa ya mutu, su kuma suna cewa wayyo, ta zauce. Ana cikin haka mamacin ya fito daga banɗaki da buta a hannu yana tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe. Mata biyu sun suma. Wani dattijo ya tsallake katangar da na tabbata a ranar lafiya ba zai iya ba.

Zan so in ce miki na yi dariya. Na yi, daga baya. Amma na ɗan lokacin da mayafin nan yake kaina, kafin ya fito, na gaskata maganarsu, kuma har yanzu tsoron bai gama tafiya ba, alhali na san mutumin yana bayan gida. Kada ki faɗa wa kowa.

Hajja ta shafa fuskarsa, ta tabbatar shi ne, sannan ta ɗauke shi da mari, yana da shekara sittin. A gaban jama'a ta ce in ya sake ɗora ƙafa a kan keke, ko ajala, ko duk sunan da shaiɗan ya raɗa mata, ba ta yafe masa nononta ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Lado ya ɓace, an ce yana kwana a kasuwar amfanin gona. Baƙi sun ce tunda an riga an zo, sai an kwana uku. Sukarin ta'aziyyar muke sha.

A ganina an huta. A gaida kowa.

Atika

Gadarif, 5 ga Disamba, 1988

Yayata Shatu,

Sallama da gaisuwa. Na samu takardarki, na gode da addu'a, na kuma ji daɗin cewa kin fara taka ƙafar. Kin ce in gode wa Allah da Ya raba mijina da hanya. Na gode, sau da yawa. Ina dai so ki ji yadda godiyar take a cikin gida.

Gado ya koma kujerarsa. Wata guda ke nan. Ba ya gardama, Yaya. Na karanta masa jarida na karkatar da labari da gangan, bai gyara mini ba. Na ce masa dokokin hanya shirme ne, ya ce haka ne. Ranar Juma'a abokansa sukan wuce ta ƙofarmu su kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, saboda ladabi, shi kuma ya juya kujera ya fuskanci bango. Sun ragu zuwa uku, don shi ne mai tashin su. Likita ya sake aunawa ranar Laraba, ya dube ni ta saman tabarau kamar ni na zuba masa sukarin a jini. Ƙafafunsa sun fara kumburi. An ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya je bakin layi ya dawo, ya ce tafiyar ƙasa ta masu zuwa wani wuri ce.

Hajja ba ta koma Mafaza ba, ta zauna gadin rantsuwarta. Tana dama masa kunu, tana murna ɗanta na gida inda mota ba ta shigowa. Lado ya zo sau ɗaya da sabuwar ajala a bayan lori, ya tsaya a waje kamar mai neman aure, Hajja ta aika a ce masa ya mayar da ita inda ya samo ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni. Wata uku ina yi wa mutumin nan ba'a, ina da hujjoji masu kyau, har yau ban ga kuskure a ko ɗaya ba. Hanyar tana da haɗari, direbobin ba su da hankali, shi kuma ya fi su. Duk gaskiya ne. Amma a kan kwalta ajali wataƙila ne, a kujerar nan kuwa ina kallon abin yana tahowa a hankali, kuma ba ya busa ƙaho. Ban san yadda ake gaya wa tsohuwar da ta yi kukan ɗanta tun daga Mafaza har Gadarif cewa ta sake shi ya koma ba.

Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga Alhaji.

Atika

Gadarif, 30 ga Disamba, 1988

Zuwa ga Yaya Shatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, an kuma gama yankan dawa cikin nasara. Za ki ji labari daga bakin mutane a karkace, gara ki ji daga nawa.

Na yi wa Hajja magana. Na shirya jawabi mai sassa uku, da bayanin yadda sukari ke cin jijiya, irin wanda nake yi wa 'yan aji. Ban kai ƙarshen sashe na farko ba ta ce in rage murya, ita ba kurma ba ce. Sai na bar jawabin. Na kama hannunta na kai ta gindin darbejiya, na ɗage wandon ɗanta, na danna yatsanta a ƙaurinsa. Ramin da yatsan ya bari bai cike ba har muka gama tsayuwa. Ta san wannan alamar, da ita mahaifinsa ya tafi.

Washegari ta sa aka kira Lado. Ta zauna a kan darduma, su biyu a gabanta kamar yaran da suka fasa tulu. Ta ce ta janye maganarta, amma da sharaɗi: wanda ya taka keken, shi zai yi gadi. Duk Juma'a Lado zai bi bayan tsofaffin nan da lorinsa, tafiya da dawowa, ya tare musu duk abin da ke tahowa. Lado ya ce Hajja, gas ya yi wuya a gari. Ta ce ba ta ji ba. Ya ɗaga murya, ta ce har yanzu ba ta ji ba. Gado ya fara cewa doka ba ta buƙaci rakiya ba, na taka masa ƙafa, mai kumburin.

Yau Juma'a ta biyu ke nan. Na hau motar haya na bi su don in gani da idona. Yaya, tsofaffi shida a gaba, bibbiyu, ƙirji a buɗe. Bayansu lorin Lado yana rarrafe kamar mai rakiyar gawa. Bayansa kuma motocin dawa sun yi layi har inda ido ya ƙare, kowa na busa masa ƙaho, abokansa na leƙowa suna tambayarsa ko sadakin tsofaffin ya biya. A rumfar Mero Lado ya sauko jiƙe da gumi yana cewa direbobin ƙasar nan ba su da tarbiyya, mutum ba zai yi haƙurin minti goma ba. Gado ya miƙa masa kofi ya ce zai ara masa littafin dokokin hanya.

Ban ce an warware komai ba. Lado ya ce iyakarsa ƙarshen kaka, direbobi sun ce za su kai ƙara, kuma Gado ya soma maganar wai a tsawaita tafiyar. Kumburin ya ɗan sauka, likita bai yabe mu ba tukuna. Na san sarai wata Juma'ar ba lori a bayansa, zan tsaya a ƙofa ina sauraron hanya. Ni na zaɓi wannan tsoron da hannuna, saboda haka ba ni da wanda zan kai wa ƙara, abin da ya fi komai ɓata mini rai.

Gado ya dawo ɗazu, ƙura har gira, ya cinye kisra huɗu, wato siririyar wainar dawa, ya ce miyata ta yi gishiri, kuma kuskure ne yadda nake koyar da taswirar kogin Rahad. Mun yi sa'a guda muna musu. Shi ne ba shi da gaskiya, na kuma bar shi ya ci.

Hajja na gaishe ki, ta ce za ta biyo ta Hawata in ta tashi komawa. Ki yi mata magana a hankali, tana jin abin da take so. A gaida Alhaji da yara duka. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Atika