Na Tsaya a Biyu, Ilu Ya Bar Makaranta

Assalamu alaikum Malam Edita da dukan masu karanta wannan shafi. Ina roƙon a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Don Allah ku ba ni shawara a kan wata ƙirga da na yi wata guda da ya wuce, har yau ban ƙarasa ta ba.

Ni ɗan aji shida ne a nan Jibiya, shekarata sha biyar, kuma ni ne mafi ƙanƙanta a ajinmu. Siriri ne ni ƙwarai, in na juya gefe lokacin kiran suna sai monita ya rubuta ban zo ba. An kuma san ni da baki. In na ga ɓera a sito, kafin in iso aji ya zama kura mai 'ya'ya bakwai. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da aka ba alƙalanci.

Bana aka kawo mana sabon malamin wasanni daga Katsina, Malam Sule, ya zo da kokawa irin ta makaranta. A tamu ta gargajiya da gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama da kai, a tasa kuwa sai kafaɗu biyu sun kwanta. In ka kai mutum ƙasa kana da maki ɗaya. In ka danne shi har kafaɗarsa ta rage yatsu huɗu ta taɓa ƙasa, alƙali ya ƙirga uku bai kuɓuce ba, kana da maki biyu. Tsofaffin da ke zuwa kallo suka ce wannan kokawar 'yan boko ce, a ka da mutum sannan a tsaya ana auna shi kamar yadi a kanti. To Malam ba zai kwanta a rairayi da farin wandonsa ba, shi dai agogo da usur da littafin maki, saboda haka ya naɗa ni mai aunawa da ƙirga, ya ce hannuna zai shiga ko ƙarƙashin ƙofa.

Aikin ya yi mini daɗi. Ina jan ciki kamar ƙadangare, in cusa yatsu, in ɗaga murya. A wasannin gwaji na ƙirƙiro wata ƙirga tawa, ɗaya, biyu, biyu da rabi, biyu da kunnen jaki, biyu da wutsiyarsa, sai na ga mutane sun riƙe ciki sannan in ce uku. Malam ya hana ni sau biyu, amma shi ma yana dariya lokacin da yake hanin, don haka ban ɗauka da gaske ba.

Sai aka ce za a yi wasannin makarantu a Katsina, ɗan kokawa ɗaya za mu aika. Aka yi ta fafatawa har ya rage mutum biyu. Ɗaya Mati, taubashina, ɗan Goggona da ke aure a ƙetaren iyaka wajen Maraɗi, a gidanmu yake zaune don karatu, tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya, ko da yake shi ke cin kashi tara cikin goma. Ɗayan Ilu, ɗan ƙauyen Bugaje, ya girme mu duka, ba ya magana sai dole. Kowa a aji ya san babansa ya daɗe yana son cire shi ya bi jakunan kawunsa masu kai gyaɗa da gero ƙetare. Hedimasta ne ya lallaɓa tsohon, suka tsaya a kan cewa in aka zaɓi Ilu zuwa Katsina zai bar shi ya gama makaranta, in ba a zaɓe shi ba shi ke nan. Na san wannan. Ba zan ce ban sani ba.

Ranar wasan ƙarshe fili ya cika, har 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko ta ƙetare, sun zo da malaminsu, ga 'yan kasuwa, ga masu kalangu da ba wanda ya gayyato. Ana dab da tashi, Mati na gaba da maki biyu, sai Ilu ya ɗauke ƙafar Mati ya kai shi ƙasa, ya rage masa maki ɗaya ya kamo shi, ya kuma bi shi ya danne. Na faɗa ƙasa na cusa hannu. Yatsuna huɗu suka shiga da ƙyar, kafaɗar Mati tana goga ɗan alina. Na ce ɗaya. Na ce biyu. Sai wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Ina kunnen jakin?" Fili ya ɗauki dariya, ni kuwa bakina ya tafi shi kaɗai, biyu da rabi, biyu da kunnen jaki. Ina cikin wutsiya Mati ya murɗa ya juya rubda ciki, Malam ya busa usur. Mati ya ci da maki ɗaya.

Wallahi ba don Mati na yi ba, a lokacin ko tunawa ban yi ɗan'uwana ne a ƙasa ba, dariyar kawai na ji. Amma in da ƙirgar mutane aka yi, ya kai uku har da ɗoriya.

Yayan Ilu ya tayar da rigima nan take, ya ce an ba kura ajiyar nama, ya ce alƙali da mai nasara tuwonsu ɗaya. 'Yan ƙetare suka ce kafaɗar ba ta ma sauka yatsu huɗu ba, yatsuna ne kamar tsinken tsintsiya, in da na cusa su sosai shida za su shiga. Aka kusa ba hammata iska. Malam ya ja ni gefe, daga inda yake tsaye bai ga kafaɗar ba, hayaniya kuma ta hana shi jin ƙirgar sosai. Ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah, ya kai uku?" Na ce, "Ban ce uku ba, Malam." Ya rubuta sunan Mati.

Tun ranar ban ji komai a raina ba, kuma wannan ne ya fi damuna, in har damuwa ce. Ina cin abinci. Ina zuwa aji. Yara suna cewa in ba su labarin kurar sito, ina ba su, suna dariya, ni ina kallon haƙoransu kawai. Goggo ta ƙetaro da sabon wando da kilishi ta kawo wa Mati na tafiya, ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin. Baba yana gaya wa abokansa a kasuwa gidansa ya fitar da zakara da alƙali a rana ɗaya. Na taɓa gwada faɗa wa Mati gaskiya muna hanyar rijiya, ya ce, "Taubashi, ƙaryarka ta yau ba gishiri, sake wata." Abin da baki ya jawo mini ke nan, ranar da na faɗi gaskiya ba mai saye.

Ilu bai sake zuwa makaranta ba. Ranar kasuwa Inna ta aike ni bakin iyaka in kai wa Goggo saƙo, sai na gan shi a layin masu jiran malamin kwastan, riƙe da igiyar jakuna, sanye da rigar makaranta don ita ce mai kyau a kayansa. Na so in ɓuya bayan wata lori amma ya riga ya gan ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "Alƙali, zo ka ƙirga mini jakunan nan kafin a tambaye ni. Amma kada ka tsaya a biyu." Na yi dariya don ban san abin da zan yi ba. Shi bai yi ba. Aka ɗaga musu sanda suka wuce.

Ƙarshen watan nan za a aika suna Katsina. In na je wa Malam da gaskiya, wataƙila ya soke sakamakon a sake karawa, wataƙila hedimasta ya koma Bugaje wajen tsohon tun Ilu bai saba da hanya ba. Amma Mati zai cire wandon nan, Goggo za ta ji, Baba zai ji kunya a kasuwa, kuma za a ce na ci amanar gida. Wataƙila ma Malam ya ɗauka wani sabon labari na ƙirƙiro ya kore ni da bulala. In na yi shiru kuwa ba abin da zai same ni.

To jama'a, manya da malamai da tsofaffin 'yan kokawa, me zan yi? In je wurin Malam ni kaɗai, ko in fara da Baba? Kuma mutumin da aka saba ji yana ƙara gishiri, yaya zai yi magana a yarda da shi sau ɗaya? Ku amsa mini kafin wata ya ƙare.

Jakunan dai na ƙirga su bayan sun ƙetare. Uku ne.