Soson da Ka Yanka Mini

Zuwa ga Dalhatu, sanyin idona, inuwar darbejiya da tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya, mutumin da jin takunsa kaɗai kan sa in ɗago kai daga kan ma'auni,

"Daina tsuke kafaɗa, Anti Zaituna, ba za ta ragu ba. Saki jikinki." Abin da Lidiya tela take ce mini ke nan jiya da yamma a shagonta na bakin titin Sharada, ina tsaye hannuwa a buɗe kamar kazar da ake shirin fiɗewa, tana auna ni saboda ankon bikin ƙanwarka Sadiya. Ta faɗi lambobin da ƙarfi yadda ta saba, har mai sayar da awara ta ƙofar shago ta ji: kafaɗa inci goma sha takwas, ƙugu talatin da huɗu. Ba sabon labari ba ne a wurina. Tun ina sakandare ake kirana Soja.

Ta rataye tef ɗinta a wuya ta shiga tsara mini ɗinki. Wuyan rigar, in ji ta, a tsaga shi ya sauko kamar bakin mashi, ba da zurfi ba, don ido ya bi shi ƙasa. Hannu ban da tattara, ban da kumburi, a bar shi ya kwanta lif. Siket a yi masa yanka shida, ya fara buɗewa tun daga sama, manyan furannin atamfar duk a tura su can ƙasa. Mayafi mai laushi, a sake shi ya zubo gaba, kada a naɗe shi a kafaɗa. Na ce mata to. Wannan ai hikimar almakashi ce, ban taɓa faɗa da ita ba. Yadi ne nawa, jiki ne nawa, an dai zaɓar wa kowa wurin zamansa.

Sai ta sunkuya ƙarƙashin keken ɗinki ta jawo wata baƙar leda. Ta ce, "Yayar Dalhatu, Atika, ce ta kawo da safe. Wai in ɗinke shi a cikin siket ɗin, kada ma in gaya miki, za ki ga kawai kaya sun zauna. Ni kuwa ba na ɗinka wa mace abin da ba ta san da shi ba."

Ciko ne, masoyina. Guda biyu, na dama da na hagu, an lulluɓe su da farin yadi. Abin nan da 'yan mata ke cusawa a ƙugu suke kiransa acuci maza.

Dariya na yi. Na ce a raina aikin Yaya Atika ne, ita da tun ranar da ta fara ganina take dubana kamar mai taya akuyar da ba ta yi ƙiba ba. Da a nan na tsaya, da yau ban rubuta maka komai ba. Amma ka san halina, shekara huɗu na yi a jami'a ana koya mini kada in yarda da abu sai na buɗe cikinsa. Na karɓi rezar Lidiya na farke ɗinkin.

Kore ne, Dalhatu. Kore mai haske, irin na ɗanyen mangwaro. Kaf garin Kano babu soso mai wannan launi sai zubin da aka yi a kamfaninmu na katifa ranar Talatar makon jiya, da launi ya ƙwace wa masu haɗi. Ni na yanko samfurinsa, ni na auna nauyinsa, ni na danne shi a injin gwaji, ni na sa hannu cewa ya yi kyau. Ko katifa ɗaya ba a fitar daga zubin nan ba tukuna, yana can jibge a sashenku na yanka. Na juya shi na dubi gefen. An fiƙe shi a hankali, ya yi kauri a tsakiya ya sirance a baki, babu gargada ko ɗaya, kuma wuƙar ta kwanto ne daga hagu. Masu yanka goma sha ɗaya ne a sashen nan. Bahago ɗaya ne.

Kai, amma ka iya aiki! Wallahi da a teburina aka ajiye shi don gwaji, da na ba shi maki cikakke. Inci biyu da rabi kowane gefe, ba ƙari ba ragi, daidai abin da Lidiya ta ce ido zai nema. Yaushe ka auna? Ba ka taɓa riƙe tef a kusa da ni ba. Ashe duk yammacin da muke fitowa daga aiki, kana ce mini in wuce gaba saboda kwata da 'yan adaidaita sahu, ina tafe ina jin idonka a bayana kamar hantsi, ina zaton kallon so ne, ashe awo ake yi? Ashe lissafin abin da babu kake yi?

Lidiya ta ga fuskata ta ce, "Anti, lafiya?" Na ce lafiya lau, na gane mai aikin ne kawai.

Ya hasken raina, bari in tuna maka wata rana, tunda da alama hayaƙi ya shafe maka ita. Shekara biyu ke nan, cikin damina, wani sabon zubi ya yi zafi daga ciki ya kama hayaƙi a rumfar shanya. Jiniya ta yi kuka, kowa ya fito fili, aka ƙirga mu aka ga babu mutum ɗaya. Kai ne ka koma kashe babban makunnin lantarki. Maza suna tsaye suna shawarar wa zai shiga. Ni a lokacin ban ma san ka sosai ba, sunanka kawai nake gani a takardar samfuri. Na tsoma hijabina a durom ɗin ruwa, na toshe hanci na shiga. Na same ka kwance a gindin bango kamar buhun da aka yar. Ban tsaya tunanin abin da za a ce ba, na ɗaga ka na saɓa a kafaɗar nan, ta hagu, na fito da kai.

Da aka yayyafa maka ruwa ka farfaɗo, ka yi tari, abin da ka fara cewa shi ne, "Wane ƙato ne ya ɗauko ni?" Gidiyon direba ya nuna ni ya ce, "Ga ƙaton can yana gyara ɗankwali." Aka yi ta dariya har da manaja. Ni ma na yi.

Bayan sati guda ka zo ƙofar ɗakin gwaji da gurasa a takarda, kana ta sosa ƙeya, ka ce ka zo ba ƙato haƙuri. Ka ce mahaifiyarka ta goya ka, ni kuma na saɓa ka, mata biyu ke nan a duniya da suka san nauyinka. Ka ce duk inda kafaɗar nan ta nufa, nan ka nufa. Ni da nake dariyar ƙawayena in sun karanto mini saƙon samari, sai ga ni na koma gida ina maimaita maganar bahagon mai yankan soso kamar karatun allo. Tun daga ranar ka zama mini ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Ka zama ƙamshin da kan biyo bayansa. Na daina shiga ƙofa a karkace. Na daina sayen hijabin da ya fi ni girma. Kafaɗar da na gada wurin kakata, wadda ta yi shekara hamsin tana daka da jan guga a ƙauyenmu, wadda na yi ƙuruciyata ina ɓoyewa, a karon farko na ji ta zama ado. Kai ka yi mini wannan. Shi ya sa babu wanda ya isa ya karɓe shi sai kai.

Kada ka ɗauka ban san dalilinka ba. Na sani, kuma sanin ne ya fi ciwo. Ranar Asabar ce dangin mahaifinka za su fara ganina. Kai da bakinka ka ba ni labarin gwaggonka ta Hotoro, wadda ta dubi matar ɗan'uwanka ranar kamu ta ce an kawo musu taɓarya, sunan ya bi baiwar Allah har ta haifi 'ya'ya uku. Ka ji tsoro kada a yi mini haka. Ka zauna lokacin hutun azahar, kowa ya tafi cin abinci, ka ɗauko wuƙarka mai mariƙin roba, ka yanka mini garkuwa da abin da hannunka ya fi iyawa. Na ga soyayya a gefen soson nan, Dalhatu, ba makauniya ba ce ni. Wanda ba ya so ba ya fiƙe baki haka.

Amma ka yi tunanin ranar Lahadi? In gwaggo ta gan ni ranar Asabar da ƙugun aro ta yaba, da wane ƙugu zan je mata gaisuwar salla? Da wanne zan je suna, da wanne zan je ta'aziyya? Zan yi ta ɗaura shi ke nan cikin zafin bazara, gumi yana jiƙa shi, ina wankewa ina shanyawa a bayan ƙofa kada maƙwabta su gani, yana lotsewa kana yanko mini sabo duk shekara, har ranar da mata za su shigo yi mini wankan ƙarshe su kwance zane su ga gaskiya. A ranar ma gwaggo, in tana raye, sai ta faɗi abin da za ta faɗa. Kuma kai fa? Kai da za ka rufe ƙofa da ni, wacce za ka riƙa gani, wadda ka aura ko wadda ka gyara?

Sunan da gwaggo za ta sa mini ba ya ba ni tsoro. An kira ni Soja, an kira ni ɗan dambe, kai kanka ka kira ni ƙato na aure ka a zuciyata a kan haka. Abin da ya hana ni cin abinci tun jiya shi ne, ka dube ni da idonta kafin ita ta dube ni, kuma ka ga ta yi gaskiya. Da ka zo ka ce, Zaituna, ina jin tsoron bakin gwaggo, da mun yi dariya tare, da wataƙila ma don in kwantar maka da hankali na saka. Sai ka bi ta hannun Yaya Atika, ita ta bi ta hannun tela, aka ce kada a gaya mini. A kaina za a ɗinka shi, ni kaɗai ce ba za a gaya wa ba!

Ka san aikina. Kullum ina ɗaukar soso in danne shi da ƙarfe, in sa shi a zafi ya kwana ya wuni, in saki, in auna ko ya dawo yadda yake. Mai kyau yakan dawo, ko da saura kaɗan. Marar kyau yakan zauna a lotse har abada, a ido lafiya lau, sai an kwanta a ji rami. Tun jiya zuciyata tana ƙarƙashin ƙarfe. Ban san wane iri ba ce, ban taɓa gwada ta ba.

Ga abin da nake roƙo, ya abin begena, kuma ban saba roƙo ba. Na ce wa Lidiya ta ɗinka yadda ta tsara, wuya da hannu da yanka shida, ban da komai a ciki. Ranar Asabar bayan la'asar zan sauka daga adaidaita sahu a bakin layinku na Zawaciki. Zan tsaya a gindin bishiyar da ke kallon rumfar maza, inda za ka gan ni sarai. Ba zan kira wayarka ba. In ka taso ka zo, ka yi mini jagora har gaban Hajiya mahaifiyarka da gwaggo, ka ce ga wadda ta fito da ni daga hayaƙi, to duk sunan da aka sa mini zan amsa shi da murmushi har tsufana. In kuwa ka dube ni daga sama zuwa ƙasa ka sunkuyar da kai kan wayarka, ba zan yi kuka a layinku ba, ba zan ɓata wa Sadiya biki ba. Zan ba wata yarinya kyautar amarya ta kai ciki, in tari wani ɗan sahun. Ranar Litinin za ka ci gaba da turo samfuri, ni kuma in ci gaba da sa hannu.

Ko ta wace hanya ta kasance, kada ka yi zaton zan daina. Na gwada tun jiya, abin bai yiwu ba. Kafaɗata ta hagu har yau takan yi mini tsami in hadari ya haɗu, nan ne ka zauna, kuma babu wanda zai sake zama a wurin.

An busa tashi tun ɗazu, sashenku ya yi tsit. Malam Bala mai gadi yana ta kaɗa makullai a baranda, ya leƙo sau biyu yana cewa, "Malama, sai ke." Zan naɗe takardar nan in sa ta tsakanin soson guda biyu, in ajiye a lokarka ta ajiyar kaya, a kan takalman aikinka. Ban lalata su ba, aiki mai kyau ne, wataƙila su yi wa wata daidai.

Taka, mai kafaɗa inci goma sha takwas, wadda ba za ta ragu ba kuma ba za ta juya maka baya ba har a naɗe ta a likkafani,

Zaituna

Ƙofar lokar taka ba ta kamawa sai an buga da ƙarfi. In ka ga ta ɗan lotsa, ni ce. Na rufe, na tafi.