Tagar Igwa ta Biyar

Daga: Pyo Mal-sun, Unguwar Masunta, Tsibirin Solmi
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Adana Wuraren Tarihi, Ofishin Gunduma
Kwanan wata: 4 ga Nuwamba, 2019

Game da: Toshe tagar igwa ta biyar a tsohuwar ganuwar Dolmeori, da abin da aka rufe a ciki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, ni ce mai suna a sama, shekarata saba'in da huɗu, sana'ata kamun kaguwa a laka idan ruwan teku ya janye. A unguwa har yau Maman Gi-tae ake kirana, ko da yake Gi-tae ɗin babu shi. Ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. Ban zo jayayya da masananku ba. An bayyana mani cewa asalin ganuwar tagogin igwa huɗu gare ta, kowace da falalen dutse guda a kwance a samanta, duk suna kallon mashigar jiragen ruwa ta yamma. Ta biyar sojoji ne suka fasa ta lokacin yaƙi, suka shafe ta da siminti suka kafa bindiga mai jigida. Mummuna ce, na yarda, kuma ba ta cikin tsohon zanen ginin. Sai dai ita kaɗai ke kallon kudu, inda ruwa ke juyawa a bayan Dutsen Akuya.

2. A wannan wurin ne ruwa ya ci ɗana, Bang Gi-tae, cikin kakar 1996, yana da shekara ashirin da shida. Kwalekwalensa ya dawo shi kaɗai, da abincin ranarsa a ciki ba a taɓa ba. An nema har aka gaji. Ba a sami gawa ba.

3. Kamar yadda ake yi wa wanda ruwa ya ci, na ɗauko mudang, matar da ke kiran ran mamaci. Aka cika kwanon tagullarsa da ɗanyar shinkafa, aka rufe, aka ɗaure da dogon farin ƙyalle, aka jefa a teku aka jawo. Da aka buɗe, sai ga silin gashi a cikin shinkafar, alamar ransa ya shiga kwanon. Ofishinka ba dole ya yarda da wannan ba, ni dai abin da na samu ke nan. Yayyen mijina suka ce wanda ya mutu bai yi aure ba, ba a kai shi tudun kaburburan dangi. Mijina ya bi maganarsu. Shi ya sa na kai kwanon tagar ta biyar, na tura shi cikin wata tsaga a gefen dama, iyakar inda hannuna ya kai, na toshe da tsakuwa. Tun daga lokacin nan ne kabarinsa, kuma duk unguwa ta sani.

4. A watan Afrilun bana aka kafa sanarwa a bakin hanya cewa za a gyara saman ganuwar da ya rushe. Ba ta ambaci taga ba. A watan Mayu na tafi gidan 'yata a birni aka yi mani aikin ido, na zauna jinya har ƙarshen damina. Da na dawo na tarar an fasa simintin, an cike ramin da duwatsu da farar ƙasa, an jera duwatsu a fuskarsa ciki da waje daidai da sauran bangon. Ba a tambayi kowa a unguwa ba.

5. Ranar 16 ga Satumba na sami shugaban ma'aikatan, Eom Sang-gil, a rumfarsu. Ina so a rubuta cewa bai wulaƙanta ni ba. Ya ba ni kujera, ya sayo mani kofi na gwangwani. Ya ce, "Kaka, da wani ya faɗa mana ai da mun ciro. Ba wanda ya leƙa ciki, zubawa kawai muka yi." Na tambaye shi ko kwanon yana nan. Ya ce tabbas yana nan, amma yanzu cire dutse ɗaya daga ginin sai da sa hannunka. Na gode masa. Kofin yana gida ban buɗe ba.

6. Ranar tara ga watan tara na lissafin wata, wato 7 ga Oktoba, ranar da ake kai wa waɗanda ba su mutu a gida ba abinci, na hau da shinkafa da busasshen kifi da giyar shinkafa, tare da maƙwabciyata Gu Ok-bun. Ranka ya daɗe, a nan ne ainihin ƙorafina. Ma'aikatanku da tsofaffin duwatsun da suka faɗo suka yi aikin, kuma sun iya aikinsu. Na bi bangon kudu daga wannan kusurwa zuwa waccan ina shafawa, ban gane wurin ba. Ok-bun ta ce wajen hagu ne, ni na ce dama. Ta ce, "Ke Maman Gi-tae, an gyara miki ido ne ko an ƙarasa shi?" Daga baya ita ma ta kasa gane wurin. Muka ajiye tiren a tsakiya, na durƙusa na gaida bango. Wasu masu yawon buɗe ido suka ɗauke mu hoto. Ban yi kuka ba, ban kuma ji haushi ba. Na zauna na ci abincin kamar yadda ake yi, bai yi ɗanɗanon komai ba.

Saboda haka nake roƙon mai girma Shugaba ya ba da izini a buɗe wurin a ciro mani kwanon, a mayar da duwatsun yadda suke. Ba na neman a dawo da tagar. Ba na neman a hukunta kowa.

Idan doka ba ta yarda a taɓa ginin ba, ba zan sake damun ofishinka ba. Sai dai a turo wanda ya yi aikin, ya zo ya ɗora hannuna a kan dutsen da ɗana yake bayansa. Ba sai an yi alama ba, kada a ɓata muku bango. Zan riƙe a kaina.

Ina roƙon a yi haka kafin watan tara mai zuwa, domin gwiwoyina sun fara ƙin hawan, kuma ba na so in sake ajiye masa abinci a inda ba ya nan.

Na gode da haƙurin karantawa. Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Mai biyayya gare ka,
Pyo Mal-sun
(Maman Gi-tae)