Hutun Lemu a Garin Gishiri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Karatun Makarantun Karkara, Agadez.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan tsohon garin Agadez ne, mushe a lakwal ɗin Fachi, wato malamin makarantar boko. Sabon littafinku ya iso mu, kuma gara in faɗa tun daga farko: kishi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Da kuka tashi tsara karatun da zai dace da ƴaƴan karkara, Mushe Alhusaini na Timia kuka kira taro. Tare muka yi karatun malanta, benci ɗaya, har lissafi ni nake nuna masa. Ba na ƙinsa, Allah ya sani. Amma da na buɗe littafin na ga rijiyar lambunsu, da raƙumi na jan guga, da lemu da rumman shafi bayan shafi, sai da abinci ya fita raina. Ɗalibansa suna karanta gidajensu. Nawa suna koyon dashen lemun da ba su taɓa ganin itacensa ba, alhali kantun gishiri da dabinon da ke ciyar da su ko a gefen shafi babu. Da alama kun ga Timia akwai ruwa, Fachi akwai ruwa, kuka ce duk ɗaya ne.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Kun sa hutun taimakon iyaye a lokacin sanyi, sa'ad da Timia ke tsinkar lemu. Mu aikinmu cikin Oktoba yake, lokacin da ayari ke sauka. Gari duka yana wajen raƙuma, ana ba da gishiri da dabino ana karɓar geron da za a ci shekara. Ba uban da zai bar yaro a aji a kwanakin nan, ni ma da ɗana ne ba zan bari ba. Hutunku kuwa yakan same mu muna zaune muna kallon juna.

Na uku. Ina da ɗaliba, Falmata. Ita ke auna wa mahaifinta gero saboda idonsa ya yi rauni, kuma ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajina. Bara dokar fashin zuwa lakwal ta sa ta maimaita aji. Ƴar Timia da ta yi irin wannan aiki a lambu, ita hutu aka rubuta mata. Mahaifin Falmata ya gaya mini cikin ladabi cewa in aka sake mayar da ita baya, ta gama lakwal ke nan.

Roƙona biyu ne. A bar kowane gari ya sa hutunsa inda aikinsa yake. Sannan in za a sake buga littafin, a kira mu ma. Ku bar wa Alhusaini lemunsa, mu a ba mu ko shafi ɗaya na kantu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa adalci a hannunka, ya raya zuriya. Ranka ya daɗe, Oktoba ta kusa, kuma ni ne mai kiran suna da safe. Ba na so hannuna ya rubuta wa Falmata fashi.

Wassalam.
Mushe Ilyasu, Fachi.