An Sake Kwantar da Auta

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Ki gaishe min da Baba da su Kawu.

Ni lafiyata ƙalau, aiki ma da godiya. Auta ce aka sake kwantarwa a asibiti. Kada hankalinki ya tashi, an ɗinke hannun da ta yanka, tana cin abinci. Sai dai yanzu ko mai gadin asibitin ya daina tambayata wurin wa na zo.

Likita ya ce ba hauka ba ne, ba kuma iskanci ba. Lalura ce ta ɗabi'a: abin da mu ba za mu kula ba, ita ji take an yar da ita. A asibiti takan natsu, sai su sallame ta, wai kwanciya ba ta warkar da irin wannan. Mu dawo gida, in ɓoye wuƙaƙe, in tafi aiki gabana yana faɗuwa.

Wannan karon bayan wayarki ne, Inna. Ba laifi nake ɗora miki ba. Kin saba katsewa ba sallama, har tsokanarki muke yi. Ita kuwa cewa ta yi, "Yaya, Inna ma ta gaji da ni."

Makon nan za su sallame ta, ni kuma dabarata ta ƙare. Don girman Allah ki kira ta. Ban da wa'azi. In hira ta ƙare, ki riƙe wayar, ko shiru ne, har sai ita ta ajiye.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki