An gwada ƙarfin Baba

Zuwa ga Yaya Isiyaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maryama da yara. Yaya aiki, yaya zafin Bur Sudan? Mu nan Gadarif kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ka kwantar da hankalinka game da Baba. Tun bayan girbin riɗi ba ya iya tashi daga sujada sai ya dafa bango, buta ma kuɓuce masa take yi. Ni har na ɗauka shanyewar jiki ce ke tafe, na kasa gaya wa Inna.

Shekaranjiya muka ji ana duba tsofaffi a mustashfa, wato asibiti, na lallashe shi muka je. Wata daktora ta ba shi wani ƙarfe ya matse, ta auna kaurin ƙafarsa, sannan ta ce ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa. Baba ya ce, "Yarinya, ni da na yi dakon buhunan dawa a Gedambaliya?" A na huɗu ya tsaya yana haki.

Ta ce, "Ya Hajj, ba shanyewa ba ce. Tsoka ce ke raguwa saboda tsufa, kuma an gano da wuri." Ta ce shayi da wainar kisra kaɗai ba za su riƙe shi ba, sai ya haɗa da ƙwai, madara da waken adas, ya riƙa takawa kullum.

Wallahi da muka fito, zama na yi a bakin ƙofa ina hawaye don daɗi. Yau da ƙafarsa ya je kasuwa, yana ta mita wai an mai da shi jariri.

Ka sa shi a addu'a, kuma ka rubuto masa ya daure da abincin, don maganarka yake ji. Inna na gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hauwa'u