Zoben Wendell

San Pedro, Satumba 1974

Yaya Noreen,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama, yaya yaran? Ni da 'yata Patsy lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Wendell ya dawo daga teku. Kin tuna kamfaninsu ya ce duwatsun ma'adinai za su haƙo daga gindin ruwa can bayan Hawaii. To, ya kawo mini dutse ɗaya baƙi kamar dankalin da ya ƙone, amma bai kawo zoben aurenmu ba. Na tambaya, ya ce, "Faɗuwa ya yi." Zoben da ko da sabulu ba ya fita! Rigar da na saƙa masa ma babu, kayan jikinsa duk sababbi ne. Wa ya zaɓa masa? Wendell bai taɓa sayen ko safa da kansa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ya ƙi ɗaukar Patsy, kuma a kujerar falo yake kwana. Yaya, kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Har fuska na ƙera a raina wa matar da nake zargi, da fure a kunne irin na matan Hawaii.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Marlys

Nuwamba 1974

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, sanyi bai matsa wa Mama ba. Kin ce in yi haƙuri, na yi har ya ƙare. Duk Talata yakan yi wanka ya fita, sai na bi shi a motar maƙwabciya. Ya shiga wani gini marar allon suna, ya fito da wata doguwa mai jan gashi, tana dafa masa hannu tana magana ƙasa-ƙasa.

Da ya dawo na tare ƙofa na ce, "Sannu da haƙar duwatsu, angon Talata!" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Marlys, ba zan iya faɗa ba." Na ce to ya je ya faɗa wa jan gashi, na jefa masa jakarsa waje. Na ga lauya kan batun saki.

Taki, Marlys

Maris 1975

Yayata,

Ina gaisuwa, a duba mini Mama. Na san kin ga jarida. Ashe jirgin yaƙin Rasha mai tafiya ƙarƙashin ruwa, wanda ya nutse da mutanensa, shi suka je ɗagowa wa hukumar leƙen asirin Amurka. Duwatsun rufa-ido ne.

Bernice, matar mai walda a jirgin su Wendell, ta zo mini a guje. Nata mijin ma ba zobe ya dawo. Da ya sha ya bugu ya gaya mata cewa duk abin da ya taɓa tarkacen nan, riga, agogo, zobe, an zuba a ganga an mayar teku saboda gubar nukiliya. Jan gashin kuwa malamar jinya ce, jininsu take ɗiba don gwaji. Wendell tsoro yake kada ya shafa wa Patsy wani abu.

Na same shi a ɗakin hayarsa, ya rame. Na shimfiɗa jaridar a gabansa na ce, "Duniya ta sani, saura ni." Ya daɗe yana kallon hoton jirginsu, sannan ya ce, "Duwatsu muka haƙo, Marlys." Sai na dangwara masa Patsy a cinya. Ya riƙe ta, hawaye na zuba a gashinta.

Na janye takardar lauya, gobe zai dawo gida. Kada ki ce in gode wa Allah ba mace ba ce. Da mace ce, da na je na ja gashinta na huce. Rantsuwa biyu Wendell ya yi, ɗaya gare ni a coci, ɗaya ta riƙe sirri gare su a ofis, kuma na ga wadda ya zaɓa ranar da na jefa jakarsa waje.

Ki sumbaci yaran.
Ƙanwarki har kullum, Marlys